Sawun Allura

A garinmu Lindrow, idan kana son sanin matsayin mutum, kada ka ɓata lokacinka wajen tambayar yawan shanunsa ko faɗin gonarsa. Ka jira ranar Bikin Tsoffin Mazauna ka ga inda zai zauna. Akwai wani dogon tebur da ake shimfiɗa wa farin ƙyalle a inuwar itatuwan bakin coci, ana ce masa Teburin Farko, kuma ba mai ɗora gwiwar hannu a kansa sai wanda sunan kakarsa yake jikin bargo. Sauran jama'a kowa ya nemi benci, ko ya baje a ciyawa.

Bargon nan, matan da suka fara zuwa ne suka ɗinka shi a hunturun 1881, lokacin garin bai wuce ɗakunan ƙasa goma sha biyu da kantin Kyaftin Haskett ba. Kowace mace ta kawo ƙyalle guda mai kusurwa huɗu, ta ɗinka sunanta a kai da jan zare, aka harhaɗa su. Ƙyalle goma sha biyu ne, amma suna goma sha ɗaya. Na ƙarshen, wani shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari a kusurwar ƙasa, babu komai a kansa. Tun muna 'yan makaranta ake gaya mana wai kakanninmu mata sun bar shi haka ne saboda baƙo, don duk wanda ya zo Lindrow ya san an ajiye masa wuri. Muna son labarin nan ƙwarai. Mun rubuta shi har a allon shiga gari. Ni dai ban taɓa ganin baƙon da aka ja wa kujera ba.

Mai kula da bargon ita ce Ardis Vondra. Shekararta sittin da uku, ba ta taɓa aure ba, ta yi wa makarantar gari girki har ta yi ritaya, kuma shekara ashirin da biyu ke nan makullin gidan tarihi, wato tsohuwar tashar jirgin ƙasa, yana rataye a wuyanta. Ita ta bi gida-gida tana roƙon tsoffin hotuna kafin magada su watsa su a shara. Ita ta tono sunayen yara tara da mashaƙo ya kashe a hunturun da aka ɗinka bargon, ta share ƙananan kaburburansu, kuma kowace safiyar biki takan kai musu furanni. A kan bargo kuwa ba ta da wasa: ba ruwa, ba guga, ba rana, ba hannu sai da farar safa. Ta taɓa korar fasto da kansa don ya kai yatsa.

Duk da wannan wahalar, ranar biki Ardis ba ta zama. Butar gahawa take ɗauka ta yi ta zagaya Teburin Farko, tana cika wa mutanen da rabinsu ba su san sunan kakar tasu ba sai ta tuna musu. Abin yana cinta a rai, kuma ba don kujerar ba.

Kakarta Ludmila, wadda suke kira Babi, mutuniyar ƙasar Bohemiya ta Turai ce da ta mutu ba ta iya Turanci ba sai kalmomin da ba su fi ashirin ba. Ardis tana yarinya, Babi kan kama hannunta ta matse, ta ce, "Muna cikin na farko, yarinya. A amalanken shanu muka zo tare da su. Ni na yi wa gidan Kyaftin wanki hunturu biyu, Anezka tana riƙe da siket ɗina. Da hannun nan na ɗinka sunana, ja wur." Anezka ita ce 'yar farin Babi, ta mutu tana da shekara huɗu, aka binne ta a bayan gona babu ko dutse. In Ardis ta ce, "To ina sunan yake, Babi?" sai tsohuwar ta yi tsaki ta juya kai. Mutanen gari suka ce ruɗun tsufa ne. Ardis ba ta taɓa yarda ba, amma ba ta da abin nunawa.

A shekarar 1979 garin ya cika shekara ɗari. Aka tsai da shawara cewa ranar Asabar, a wurin biki, za a karanta sunayen gidajen farko, daga nan a miƙa wa mai sassaƙa dutse ya zana su a dandali. Ranar Juma'a kuma wata mata za ta zo daga ofishin tarihi na jiha da manyan fitilu ta ɗauki hoton bargon don a sa a littafi. Ardis ce ta gayyato ta, bayan wasiƙa bakwai.

Ranar Talata da la'asar ta fito da bargon daga akwatin gilashi don ta sake masa ninki, kamar yadda take yi duk wata shida don kada ƙyallen ya karye a layi ɗaya. A ƙa'ida labule a rufe yake, amma ranar igiyarsa ta tsinke, rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan tebur a gicciye. Ardis ta yi wuf za ta janye bargon, sai idonta ya faɗa kan shuɗin ƙyallen. Wasu ƙananan ramuka ne a jere, kowanne da 'yar inuwarsa, kamar sawun tururuwa a kan yashi. Ta sunkuya. Ta bi su da ido a hankali. An farke ɗinkin, an cire zaren, amma inda allura ta bi yana nan. Ga L. Ga V. Ga sauran har ƙarshe: L. Vondra.

Ta zauna a ƙasa daɓas, da farar safarta a hannu, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka binne Babi.

Daga nan gonar ƙanenta Milo ta nufa. Ta tarar da shi a ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Milo, fito. Na ga sunan Babi."

"A ina? A mafarki?"

"A bargo. Cire zaren aka yi, amma sawun allurar yana nan."

Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Yaya, ke dai da tsummokaranki. Shekara ɗari mutanen nan suna cin cinyar kaza muna tsotsar wuya, yanzu don kin ga ɓarnar asu a ƙyalle sai su matsa mana?"

"Asu bai iya rubuta Vondra ba."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya daɗe yana gogewa.

"To in haka ne, har jikokina za su zauna?"

"Har da su. Ai jininta ne."

"Kwat ɗin nan da na sa ranar jana'izar Darlene," ya ce, yana nufin marigayiya matarsa, idonsa a kan tayar tarakta, "ko zai shige ni har yanzu?"

Washegari da hantsi Ardis ta je wurin Lenora Haskett, shugabar ƙungiyar tarihi, jikar Kyaftin. Lenora ta yi aure sau biyu amma ba ta taɓa barin sunan miji ya hau kan na kakanta ba. Aji ɗaya suka yi da Ardis, kuma tun a lokacin Lenora ta iya murmushin nan nata mai sa ka duba ko rigarka ta yage.

"Ardie, zauna mana, sai haki kike kamar an koro ki. Me zan ba ki? Au, gahawa ai sana'arki ce, bari in ba ki shayi ki huta."

Ardis ta zayyana mata komai. Lenora ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ashe sai yanzu kika gani. Shekara ashirin da biyu kina shafa shi."

"Kin sani?"

"Kowace 'yar gidan Haskett ta sani. Tausayinku muke ji, shi ya sa muka ja bakinmu."

Ta tashi ta hau bene, ta sauko da wani ƙaramin akwatin kwano. A ciki akwai wasiƙar da kakarta Cordelia, matar Kyaftin, ta rubuta wa 'yar uwarta a Ohio. Lenora ta gyara tabarau, ta karanta da muryar da take karanta littafi a coci:

"Matar nan 'yar Bohemiya ta binne 'yarta kwana biyu bayan Kirsimeti. Maimakon ta ƙone kayan yarinyar kamar yadda kowa ya sani, tsabar rowa sai ta ɗauraye rigar, ta yanko ƙyalle daga jikinta, ta kawo mana wurin ɗinki ranar shida ga Janairu. Duk mun taɓa shi, duk mun koma gida mun taɓa 'ya'yanmu. Yau yara tara suna kwance ƙarƙashin ƙanƙara, har da Edwin ɗina. Mun tafasa bargon, sannan muka cire sunanta. Ƙyallen kuwa mun bar shi, don ta riƙa ganinsa."

Ardis ta tuno ƙyallen. Shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari, ai rigar yarinya ce, ta yaya ba ta taɓa ganewa ba? Kuma ta san Babi. Babi ba ta yar da ko guntun igiya, takardar da aka naɗo nama sai ta wanke ta shanya. Abin ya yi kama da ita, shi ne abin da ya fi ciwo. Kaburburan nan tara da ta yi shekara ashirin tana sharewa suka jeru a gaban idonta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Jibi baƙuwarki za ta zo da fitilunta," in ji Lenora, tana ninke wasiƙar. "Abin da rana ta nuna miki, fitila za ta nuna mata. Za ta tambaya, ni kuwa ba na ƙarya. In kina son sunan a dutse, ki kawo maganar ranar Asabar. Ni ma zan kawo wannan in karanta a lasifika, gaban dangin yaran nan tara. Jikokin Milo aji nawa suke ma? Kin san bakin 'yan makaranta."

"Lenora, tare fa muka tashi."

"Shi ya sa nake gaya miki a falo, ba a dandali ba. Sha shayinki, zai huce."

Ardis ta biya gida ta ɗauki dutsen guga, da cokali, da kwalbar ruwa. Ta shiga gidan tarihi da rana tsaka ta kulle ƙofa ta ciki. Ta cire farar safarta ta ajiye. Duk macen da ta taɓa farke ɗinki ta san yadda ake rufe bakin allura a auduga: a jiƙa, a murza, a ba shi tururi. Ta ɗiga ruwa a kan ƙyallen da ta kori fasto a kansa, ta juya bayan cokali ta fara murzawa, daga harafin ƙarshe tana komowa baya. Ba ta yi kuka ba. Haushin Babi take ji, haushi mai zafi, tana murzawa tana cewa a ranta: kin cuce mu, kin sa na yi shekara hamsin ina jin an zalunce ki. L ɗin ne ya fi taurin kai, don a nan Babi ta fi danna allura. Shi ma tururi ya ci ƙarfinsa.

Da la'asar ta ɗaga labule da kanta ta jira rana ta kwanta a gicciye. Ƙyallen ya fito sumul. Aikin ya yi kyau, don Ardis ba ta taɓa yin aikin da bai yi kyau ba.

Sau uku ta ɗaga wayar tarho za ta kira Milo, sau uku ta mayar. Ta ce a ranta gara ta tare shi a hanya ranar Asabar ta ce masa idonta ne ya yaudare ta.

Ranar Juma'a baƙuwar ta zo, ta kafa fitilu ta kowane gefe, ta yi ta ɗaukar hoto, ta yaba da yadda aka adana bargon. Da ta zo kan shuɗin ƙyallen ta tambayi dalilin da ya sa babu suna. Ardis ta ba ta labarin baƙo daga farko har ƙarshe, matar ta rubuta tana gyaɗa kai.

Da safiyar Asabar Ardis ta ɗauki furanni ta tafi maƙabarta. Idonta ya saba da duwatsun nan har ya daina karanta su, takan dai ajiye fure ta ambaci suna ta wuce. Amma yau gafara ta zo nema, saboda haka ta durƙusa a gaban na farko, fuskarta dab da dutsen. Edwin Haskett, ɗan shekara biyar. Uku ga Disamba, 1880.

Ta sake karantawa. Ta sa yatsa a cikin zanen ta bi shi.

Uku ga Disamba. Saura mako uku Kirsimeti. Saura fiye da wata guda a zauna ɗinki.

Ta rarrafa zuwa na gaba, sha ɗaya ga Disamba. Na gaba, sha biyar. Na gaba, ashirin da biyu. Yara huɗu suna cikin ƙasa tun Anezka tana da rai, kuma na farkonsu ɗan Kyaftin ne. Sai ta ji muryar Babi tar a kunnenta: ni na yi wa gidan Kyaftin wanki, Anezka tana riƙe da siket ɗina. Ba daga ɗakin Babi cutar ta fito ba. A cikin kwandon wankin gidan Haskett ta je ta same ta, ta ɗauke mata 'ya, sannan matan gari suka nemi wadda ba ta da Turancin kare kanta suka ɗora mata. Abin takaicin, Ardis ce da hannunta ta kwafe ranakun nan a littafinta shekara ashirin da suka wuce. Kunya ce ta rufe mata ido, kuma Lenora ta san za ta rufe.

Ta bar furannin a zube ta taho, gwiwoyinta duk ƙasa.

Wurin biki ya cika. An rataye bargon a inuwa bayan Teburin Farko, 'yan kiɗa suna gwada ƙahoninsu, ƙanshin gasasshen nama ya cika ko'ina. Lenora tana jera cokula, da hula mai fure a kanta.

"Uku ga Disamba, Lenora."

"Me ya faru uku ga Disamba?"

"Edwin. Ya riga Anezka mutuwa da kwana ashirin da huɗu. Daga gidanku ta fara. Wasiƙar nan ƙarya ce."

"Wace wasiƙa?"

"Kada ki raina mini hankali! Ki kawo ta ki karanta a lasifika kamar yadda kika ce, ni kuma in kwashi jama'a in kai su maƙabarta."

"Takardun gidanmu na gidanmu ne, Ardie, ba na dandali ba." Ta gyara zaman wani cokali. "Kin ga gwiwoyinki kuwa? A ranar biki?"

"Kin san ranar. Kin sani tun kina karanta mini."

"Baffana ne fa. Duk Lahadi ta gaban dutsensa nake wucewa."

Sai kuma Lenora ta ɗaga murya, cike da fara'a. "Fasto! Jama'a, ku matso ku ji. Ardie ta ce akwai sunan kakarta a ƙyallen baƙo. Ku taimaka mana da ido, nawa ya tsufa."

Suka taso, kowa yana laluben tabarau. Aka sauke bargon, mutum huɗu suka riƙe, aka fito da shi rana, abin da Ardis ba ta taɓa bari an yi ba. Aka karkata shi dama, aka karkata shi hagu. Ardis da kanta ta kama kusurwar da hannu ba safa, ta kai shi dab da idonta, tana neman ko rami ɗaya, ko na L ɗin nan mai taurin kai. Babu. Shuɗi ne kawai da ɗigo-ɗigon fari.

"Yana nan ranar Talata," ta ce. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Na rantse yana nan."

"To ina ya tafi?" in ji fasto a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya magana.

Ta buɗe baki. Me za ta ce? Cewa ita, mai makulli, ta sa ruwa da cokali da dutsen guga?

"Jiya ma da bakinta ta gaya wa baƙuwar jiha na baƙo ne," in ji Lenora, tana girgiza kai. "Gajiya ce. Ta yi mana wahala da yawa, baiwar Allah. Kakarta ma haka ta ƙare." Wata mata ta ce, "Ayya." Wani ya ƙunshe dariya. Aka mayar da bargon aka rataye. Lenora ta ɗauko butar gahawa ta danƙa wa Ardis a hannu, ta sunkuyo kusa da kunnenta kamar mai lallashi.

"Kin iya guga, Ardie. Dama na san kin iya."

A lokacin ne Milo ya iso. Ardis ta manta da tare shi a hanya. Kwat ɗin ya matse shi har maɓalli yana neman tashi, ya yi aski har ya yanke haɓa, takalmansa sai ƙyalli. Jikokinsa mata biyu suna gefensa, an ɗaure musu gashi da jan ƙyalle, babbar tana riƙe da farantin kolaci, burodi mai zaƙi irin na Babi. Ya tsaya a bakin Teburin Farko da hularsa a hannu, yana bin kujeru da ido.

"Milo Vondra!" in ji Lenora. "Kai ne haka tsaf kamar ango? Ka zo a daidai. Bencin jama'a ya gaza, taimaka ka ɗauko mana biyu daga coci. 'Yan mata, ku ajiye farantin a can wurin sauran abinci."

Milo bai motsa ba. Ya dubi yayarsa, ya dubi butar da ke hannunta, ya dubi gwiwoyinta. Ya rage murya don kada yaran su ji.

"Yaya, ina ne wurin namu?"

A can ƙarshen tebur wani jikan gidan Haskett, da bai ma san me ake ciki ba, ya ɗaga kofinsa sama yana kaɗa shi. Ardis ta je ta cika masa.